Ka Fara Jin 808 Kafin Ka Zaɓi Gidan Kiɗa

Yawancin samarin da ke kawo min kiɗa a memori ko a waya, daga ƙauyukanmu na nan ƙasar Ringim har zuwa Taura da Garki, hanya ɗaya suke bi. Sai su buɗe manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, su ɗora yatsu a fararen maɓallan fiyano, su tsara karin da ya yi musu daɗi, su zuba ganguna, can a ƙarshe su ce bari a sa 808, wato dogon bugun bes mai kauri. A nan matsala ke fitowa. Wani bugun ya girgiza ƙofar shago, na bayansa kuma a neme shi a rasa. Abin da nake koya wa duk wanda ya zauna kusa da ni shi ne ya juya tsarin. Ka fara da 808 ka ji inda yake da nauyi, ka ji inda muryar mawaƙinka take zama lafiya, sannan ka zaɓi ki, wato gidan da kiɗan zai riƙa fita yana komawa. Fiyano duk gidan da ka kai shi zai zauna. 808 ba haka yake ba.

Sunan ya fito ne daga wata na'urar kiɗa mai suna TR-808 da kamfanin Roland na Japan ya fitar a 1980, ya daina ƙera ta a 1983 bayan an yi kimanin 12,000. Ba gangar gaske aka naɗa aka zuba mata ba, lantarki ne ke haifar da sautin, shi ya sa makaɗa da yawa na lokacin suka raina ta, ta yi arha a gwanjo, matasan New York da Miami suka saye ta. Babbar gangarta tana da abin murɗawa uku: na ƙarfi, na kaifi, da na tsawon jela. Babu na ɗaga sauti ko saukar da shi. In aka murɗa na jelar har ƙarshe, sai bugun ya zama dogon gurnani da ke tsaye wuri ɗaya, kusa da girgiza 50 a sakan. Da aka fara naɗar wannan gurnani ana hawa da sauka da shi a kan maɓallai, musamman a kiɗan tiraf na Atlanta da sauran kudancin Amurka, sai ganga ta koma bes. Tunda kuwa ta koma bes, dole ta zauna gida ɗaya da sauran kayan kiɗa.

Ana auna kaurin sauti da yawan girgizarsa a sakan ɗaya, ana rubuta shi Hz. Kunnen mutum yana fara ji daga wajen 20 Hz, amma a can ƙasa kunne ba shi da kuzari. Tun 1933 wasu masana biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka nuna cewa sauti mai kauri sai an ba shi ƙarfi sosai kafin a ji shi daidai da na tsakiya. Ga inda maɓallan hawan ƙasa suke faɗawa, kuma shawarata ka kwafe su a takarda ka manna a bangon da kake fuskanta: C 32.7, C# 34.6, D 36.7, D# 38.9, E 41.2, F 43.7, F# 46.2, G 49, G# 51.9, A 55, A# 58.3, B 61.7, sai C na sama 65.4. Duk lokacin da ka hau hawa ɗaya cikakke, wato kamar daga C zuwa C na gaba, lambar tana ninkuwa biyu. Daga maɓalli zuwa maƙwabcinsa, fari ne ko baƙi, shi nake ce wa taki ɗaya.

Wurin da 808 ke dukan ƙirji kuma sifika ta iya ɗaukarsa bai da faɗi. Daga wajen 40 zuwa 60 ne. Ƙasa da haka, yawancin sifikun da dije ke ɗaurewa a bayan babur ya kai gidan biki, masu inci 15, sai dai ka ga fatarsu tana kai da komo babu abin da ke fitowa, kuma wannan kai da komon banza yana iya kashe sifika. Sama da 65 kuwa ana ji raɗau, amma nauyin ya ragu, ya zama bes na jita kawai. Wannan ne dalilin da ya sa za ka tarar kiɗan tiraf da yawa suna zaune a E, F, F# ko G maina, wato irin gidan da Turawa ke kira "minor". Ba don waɗannan gidajen sun fi sauran daɗi a fiyano ba ne. Tushensu ne, wato sautin da gidan ya ɗauki sunansa, ya faɗo cikin wurin.

Amma tushe kaɗai ba ya isa, domin 808 ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ka duba duk inda zai taka.

Ɗauki F maina, ka bi sautuka biyar ɗin da kunnenmu ya saba da su a waƙoƙin gida: F, G#, A#, C, D#. Tushe yana 43.7. G# yana 51.9, A# 58.3, C 65.4, D# kuma in ka sauko da shi ƙasan tushe yana 38.9. Duka biyar ɗin sun taru tsakanin 39 da 65, babu wanda ya yi nisa da ɗan'uwansa. Shi ya sa kiɗan F ke fita sumul, ko ina ka juya nauyin yana nan. G maina ma haka, har ya fi mana sauƙi a ƙananan sifiku: tushe 49, F a ƙasansa 43.7, D# 38.9, A# a sama 58.3. A cikin waɗannan biyun nake yin mafi yawan aikina, kuma in kiɗan na gidan biki ne nakan fifita G.

Yanzu duba C maina, gidan da sababbin hannu suka fi faɗawa saboda a kan C manhajar ke buɗewa. Zaɓi biyu gare ka. Ka sa tushe a 32.7, sifikun garinmu ba za su furta shi ba. Ka sa shi a 65.4, to shi ne zai zama mafi siranta, domin da zarar ka sauko G# ko G ko F sai ƙasa ta girgiza, in ka koma gida kuma nauyin ya tafi. Mai sauraro zai ji kiɗan ya fi ƙarfi a wajen gida fiye da cikin gida, ko da bai san sunan abin da ke damunsa ba. Akwai lokacin da nake son hakan da gangan, a waƙar begen da ba a so ta zauna daram. Amma a zaɓe shi da sani. D maina kuma tsaka-tsaki ne: tushensa 36.7 yana fita a manyan wufa, wato sifikun bes, masu inci 18, sai dai in karin ya nemi A# a ƙasa zai faɗa 29, babu wanda zai ji shi, dole ka ɗaga shi zuwa 58.3. Wannan tsalle daga 36 zuwa 58 yana da girma, ana jin sa.

Kafin ka yarda da ko ɗaya daga cikin lissafin nan, ka tabbata 808 ɗinka yana faɗar gaskiya. Wannan shi ne aikin da aka fi tsallakewa. A FL Studio, duk samfurin da ka jefa, wato naɗaɗɗen sauti, maɓallin C5 ne ke buga shi yadda aka naɗe shi. Manhajar ba ta san ko C ne ko ba C ba. In asalin samfurin F ne, to kana danna C kana jin F, kana danna D kana jin G, fiyanonka yana wani gida bes yana wani. Kuma samfuran da ke yawo a waya daga hannu zuwa hannu, sunan da ke jikinsu ba abin dogaro ba ne. Ka buɗe shi a Edison, abin gyaran sauti da ke cikin FL Studio, ka sa ya nemo maka sautinsa, ko ka ɗora masa tuna, wato abin da ke nuna sunan sauti. Ka auna jelar, kada ka auna bakin bugun, domin 808 yakan faro daga sama ya zame ƙasa kafin ya tsaya. In kana son kunnenka ya shaida, ɗaga shi hawa biyu sama ka buga shi tare da fiyano mara ado. A can sama kunne yana rarrabewa, a ƙasa yana ruɗewa. Da ka san sunansa, shiga saitin samfurin, akwai ɗan hoton fiyano a ƙasa, danna maus ta dama a kan wannan maɓallin, ya zama tushe. Sannan ka kunna "Cut itself" don sabon bugu ya yanke tsohon. In jela biyu suka hau kan juna a can ƙasa, abin da ke fita ba sauti ba ne, laka ce.

Masu aiki a waya da FL Studio Mobile ko BandLab, ku ware rana guda ku gyara 808 uku ko huɗu, ku mayar da su C na gaskiya, ku adana su a jaka ɗaya. Sun ishe ku shekara. Ku kuma tuna cewa samfur in an ɗaga shi yana gajarcewa, in an saukar da shi yana tsawaita. Hawa ɗaya sama yana raba tsawonsa biyu. Don haka wanda asalinsa ke kusa da gidan da kake so ya fi.

Akwai abu biyu da ke yi wa kunne ƙarya a irin wurarenmu, kuma ban ga masu koyarwa a YouTube suna damuwa da su ba, domin ba su zauna a shago irin namu ba.

Na farko ɗakin kansa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a sakan. F na ƙasa tsawon igiyarsa ya kusa mita 8. Ɗaki mai tsawon mita 4 yana riƙe rabin wannan igiyar daidai, don haka sautin da ke wajen 43 zai taru a jikin bango ya yi ƙara fiye da kima, a tsakiyar ɗakin kuma ya kusa ɓacewa. In faɗin ɗakin mita 3 ne, haka zai faru a wajen 57, tsakanin A da A#. Wannan shi ne girman shagunan kasuwa da yawa. Sai ka ji mutum ya ce F ya yi yawa ya rage shi, alhali teburinsa ne ke jingine da bango. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: sa 808 ya riƙa hawa taki-taki daga D zuwa C da ƙarfi ɗaya, ka tashi ka zagaya ɗakin. Za ka ji wanda ke kumbura da wanda ke nutsewa, kuma za ka ji suna canja wuri yayin da kake tafiya. Rufin kwano ma yana da nasa sautin da yake amsawa, ya yi ta karkarwa, ka zaci 808 ne ya fashe. Ɗakin soro ba ya wannan karkarwar, shi ya sa na fi son naɗar murya a cikin gida a kan shago. Maganin duka dai shi ne hedifon mai rufe kunne da kuma kallon allon da ke nuna girgizar sauti. A sautukan can ƙasa gani ya kori ji.

Na biyu wuta. Lantarkin Najeriya 50 Hz yake, haka ma janareta. In wayoyinka ba su da kyau ko cajar kwamfuta tana shigo da gurnani, wannan gurnanin yana tsaye ne a 50, tsakanin G mai 49 da G# mai 51.9. Sauti biyu da ke kusa haka suna tankiya da juna, sai ka ji G ɗinka yana kumbura yana sacewa kusan sau ɗaya a sakan. Ba 808 ne ya karkace ba. Zare caja, kashe inji, saurara da batir. In rawar ta tsaya, kada ka taɓa saitin komai.

Sai batun waya, wanda a wurina ya fi komai muhimmanci, domin mutum goma in suka karɓi waƙarka a wajen masu tura waƙa, ba wufa za su je su nema ba. A sifikar waya za su ji ta, ko a ƙaramar MP a bakin gona, ko a shagon mai shayi. Sifikar waya ba ta san 43 ba, ba ta san 100 ba ma. 808 tsantsa, mara gauraye, a waya shiru ne. Abin da ke ceton ka shi ne 'ya'yan sauti: in ka ɗan ƙona 808, wato ka sa masa ɗan kaushi, da Fruity Fast Dist ko Fruity Waveshaper na cikin FL Studio, sai ya haifi ninkinsa. F mai 43.7 zai fito da 87, da 131, da 175, da 218, har sama. Waya tana furta na saman, ƙwaƙwalwar mai sauraro kuma tana cike tushen da kanta, ya ji bes alhali tushen bai fito ba. Kuma gwargwadon hawan gida, gwargwadon saurin isar 'ya'yan wurin da waya ke iya furtawa. Wannan ma wani dalili ne da nake cewa G da A sun fi dacewa da mu a kan D.

Sai dai ƙonawar tana da wani tarko. Ninki na biyar na F shi ne 218, wanda ke dab da A mai 220. Gidan F maina kuwa ba shi da A, G# gare shi, mai 207.7. In ka ƙona 808 da yawa kuma hannun hagun fiyanonka yana riƙe G# a wannan hawan, za su yi karo, kiɗan ya yi ɗaci ka rasa daga ina. A kowane gidan maina haka abin yake. Ka ɗaga fiyanon hawa ɗaya, ko ka cire wannan sautin daga hannun hagu ka bar shi a dama, ko ka rage ƙonawar. Ni nakan kuma yanke duk abin da ke ƙasa da 150 a fiyano da sarewa da sauransu, in bar wa 808 da kik, wato bugun babbar ganga, filin. Kik ɗin ya zama gajere, ya buga ya kauce. 808 kuma ya tsaya a tsakiya, kada a baza shi hagu da dama, domin dije da yawa layi ɗaya suke haɗawa.

To, ina mawaƙi a duk wannan? Shi ne ba a tanƙwara shi. Muryar namiji in yana magana tana yawo tsakanin 85 da 180, ta mace tsakanin 165 da 255, kuma kowa da inda maƙogwaronsa ke sakewa. Hausa harshe ne mai karin sauti, kalma tana da hawa da sauka nata, don haka ko mai rap da ke ganin magana kawai yake yi, yana kan wani sauti. Amshi kuwa, musamman in 'yan mata ne za su karɓa ko za a sa Auto-Tune mai daidaita karin murya, dole ya zauna cikin gida. Yadda nake yi shi ne, kafin in buga komai sai in ce, "Ƙanena, rera min amshin da baki, kada ka matsa wa kanka." In nemo inda ya sauka a fiyano. In ya sauka tsakanin E da A, alhamdulillahi, an gama. In ya sauka a D# ko A#, sai in gwada shi da taki ɗaya sama ko ƙasa. Mafi yawan mawaƙa suna ɗaukar taki ɗaya ko biyu ba tare da wahala ba. In ya sauka a C ko D kuma ya ƙi motsi, muryarsa ce gaba. Sai in sa tushe a sama, in zaɓi 808 mai kauri da ƙonawa, in bar F da G na ƙasa su zama wurin da nauyi ke faɗowa a ƙarshen layi. Waƙar da bes ya yi daidai amma mawaƙi yana shaƙewa ba ta zuwa ko ina.

In za ka haɗa da kayan gida, gurmi ko kukuma ko kalangu da aka naɗa kai tsaye, lissafin bangonka ya zama na biyu. Waɗannan ba a ɗaure su da A mai 440 na fiyano ba. Fata tana ɗamewa da hunturu sauti ya hau, da damina ta saki ya sauka. Kada ka ja gurmin malam da kwamfuta har ya rasa muryarsa. Ka auna inda tsirkiyarsa ke komawa, in ta faɗa tsakanin F# da G, akwai ƙaramin saiti da ya raba taki ɗaya kashi 100, ka matsar da 808 da fiyano su je su same shi a can. Ka matsar da Auto-Tune shi ma haka.

Zamiyar 808, wadda yara ke so ƙwarai yanzu, aikin hammatar mai kalangu ne: ya buga, ya matsa, sautin ya hau, ya saki ya dawo. Mai kalangu ba ya matsawa a banza, akwai inda zai kai sautin ya tsaya. Kai ma zamiyarka ta sauka a kan sautin da ke cikin gida, mafi aminci tushe na hawan sama ko na biyar, wato wanda ke taki bakwai sama da tushe. Daga F ka zame zuwa F na sama mai 87 ko C mai 65.4. Wannan hawan yana taimaka wa waya ma, domin a lokacin ne ƙaramar sifika ke kama bes sosai. Amma bugu gajere mai sauri kada ka kai shi can ƙasa. Girgiza ɗaya ta F tana cin kusan kashi 23 cikin 1,000 na sakan, kunne kuma yana buƙatar girgiza da dama kafin ya gane sauti. Gajerun bugu a kai su sama, dogaye a bar su ƙasa.

In ka gama, kada ka sake ta daga kujerar da ka yi ta. Fitar da ita ka tura wa wayarka a matsayin fayil, ba saƙon murya ba, domin saƙon murya yana matse sauti ya cinye bes. Ji ta a wayar, ji ta a MP, in kana da sabo da mai adaidaita sahu ka roƙe shi ya sa maka, sannan ka kai wa dijen garinku ya buga a fili, inda babu bangon da zai ƙara ko ya rage. Tsaya nesa kaɗan ka bi 808 bugu-bugu. Wanda ya nutse, duba lambarsa a takardarka. In yana ƙasa da 38, ɗaga shi hawa ɗaya. In tushen ne da kansa ya nutse, zaɓi duk kayan kiɗan banda ganguna ka ɗaga su taki biyu, ka kira mawaƙi ya sake gwadawa. Sannan ka rubuta gida da gudu a jikin sunan fayil, kamar "G maina 140", domin in aka ɗauki kiɗan zuwa situdiyon Zoo Road a Kano don ɗora murya, mai naɗar ya san inda zai saita Auto-Tune ba tare da ya yi ta lalube ba.